Amsoshin Tambayoyinku: Wane ne Fred Rogers?

Wani mai sauraronmu daga Zariya yana tambaya: wane ne Mista Rogers da Amurkawa suka yi ta jimamin mutuwarsa, har manya masu furfura suna hawaye?

To Malam, Fred Rogers ke nan, haifaffen garin Latrobe a jihar Pennsylvania, a 1928. Limamin coci ne, amma yara ya ba wa rayuwarsa. Shirinsa na talabijin, Mister Rogers' Neighborhood, ya gudana daga 1968 har 2001.

Kullum haka yake farawa: ya shigo yana waƙa, ya tuɓe kwat, ya sa rigar sanyi irin wadda mahaifiyarsa ta riƙa saƙa masa da hannu, ya sauya takalmi, sannan ya dubi yaro ya yi masa magana a tsanake. Ba ya ɓoye wa yara zancen fushi, ko rabuwar iyaye, ko mutuwa. A 1969, lokacin da wasu fararen fata ke ƙyamar shiga ruwan wanka ɗaya da baƙaƙe, ya gayyato baƙar fatar da ke fitowa a shirin a matsayin ɗan sanda, suka tsoma ƙafafu a kwatarniya guda. A ganinmu, wannan ya fi huɗuba dubu.

Cutar dajin tumbi ce ta yi ajalinsa ranar 27 ga Fabrairu, 2003, a Pittsburgh, yana da shekara 74. Masu kukan nan yaran da suka taso suna kallon shirinsa ne da suka girma.

Da fatan ka gamsu, Malam.