Malam Ummarun Dallaji: Daga Riƙon Tuta Zuwa Sarautar Katsina

A tarihin al'ummu da dama akan sami mutumin da ya ja mayaƙa a fagen fama, bayan an ci nasara kuma aka ɗora masa nauyin mulkin ƙasar. Alal misali, a Amurka Joj Washinton ya shugabanci rundunar neman 'yancin kai tun daga 1775, sa'an nan ya zama shugaban ƙasa na farko daga 1789 zuwa 1797. Shekara biyar bayan rasuwarsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, watau a 1804, kuma jihadin da ya biyo baya ya fito da irin waɗannan mutane a ƙasar Hausa. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi ɗaya daga cikinsu, Malam Ummarun Dallaji, da yadda sarautar Katsina ta faɗo hannunsa.

Dallaji gari ne a ƙasar Bindawa, ba nisa da Kankiya da Kusada, kuma da sunansa ake yi wa Malam Ummaru laƙabi. Malami ne da ya yi karatu wurin Shehu. Sai dai abin lura shi ne, ba shi kaɗai aka bai wa tuta a ƙasar Katsina ba. Su uku ne: shi, da Malam Muhammadu Na Alhaji, da Malam Ummarun Dumyawa na Sulluɓawa. Kowannensu da jama'arsa, da yankin da ake jin maganarsa, kuma babu wanda yake ganin kansa a ƙarƙashin ɗan'uwansa.

Yaƙin bai zo da sauƙi ba. An kashe Sarkin Katsina Maremawa Mahmudu, aka naɗa Magajin Halidu, birni kuwa da ganuwarsa da ƙofofinsa ya ƙi ciwuwa. Da masu jihadi suka ga haka sai suka yi masa ƙawanya, suka hana hatsi shiga. Riwayoyi sun nuna cewa yunwa ta tsananta har mutanen birni suka koma sayen ƙadangare da ungulu don su ci. Ashe yunwa ce ta buɗe ƙofofin Katsina, ba mashi ba. A 1807 Magajin Halidu ya fita da jama'arsa zuwa Ɗankama, inda aka ce ya faɗa rijiya ya mutu bayan an ci su da yaƙi.

A nan ne tambaya mafi muhimmanci take tasowa: cikin malaman nan uku, me ya sa Ummarun Dallaji ne ya zama sarki? Ba za a ce yawan dakaru ba ne kurum, domin Sulluɓawa ba su gaza kowa ƙarfi ba. Abin da ya fi rinjaye shi ne kusancinsa da shugabannin jihadi, musamman Muhammadu Bello, wanda al'amuran ƙasashen gabas suke hannunsa. Rasuwar Na Alhaji ta rage masu ja da shi, Dumyawa kuma ya zauna a Zandam da sarautar Sarkin Sulluɓawa. Saboda haka sarautar Ummaru, a farkonta, ta fi dogara ga yardar Sakkwato bisa ga biyayyar manyan ƙasa. Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina da ya fito a 1981, ya yi gargaɗi cewa kada a ɗauki wannan juyi a matsayin faɗan Fulani da Haɓe kawai, kuma wannan takara tsakanin masu tuta su kansu tana ƙarfafa maganarsa.

Har ila yau, cin birni bai kawo ƙarshen yaƙi ba. Ɗan Kasawa ya tattara ragowar gidan tsohuwar sarauta, ya fake a Damagaram, daga bisani ya kafu a Maraɗi, inda aka ci gaba da kiran mai sarautar wurin Sarkin Katsina. Daga can aka yi ta kawo hari shekara da shekaru. Ummaru ya yi kusan shekara ashirin da takwas a kan gado, mafi yawansu cikin tsaron iyakar arewa. A cikin gida kuwa tsofaffin sarautu irin su Ƙaura da Galadima da Durɓi ba su gushe ba, takobin nan Gajere ma ya ci gaba da zama alamar mulki.

Washinton ya sauka da kansa bayan zango biyu. Tsarin da Ummaru ya yi mulki a cikinsa bai san da wa'adi ba, ya zauna har ya rasu a 1835. Ɗansa Siddiƙu ya gaje shi, amma Sakkwato ta tuɓe shi a 1844. Dallazawa suka riƙe sarautar har 1906, lokacin da Turawa suka cire Sarki Yero suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, Basulluɓe.