Inganta Kiwon Awaki Da Kasuwancinsu A Karkara

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a karkara ya san matsayin akuya a gidan talaka. Ita ce asusun matar aure, ita ce kuɗin makarantar yara, ita ake ja a kai kasuwa idan ciwo ya kama wani cikin dare ko hatsi ya ƙare a rumbu. Ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa awakin Nijeriya sun haura miliyan 80, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Mafi yawansu suna hannun ƙananan masu kiwo, musamman mata, waɗanda ke da uku ko biyar ko goma a bayan ɗaki. Sai dai duk da wannan yawa, ribar da ke shiga hannun mai kiwon ba ta taka kara ta karya ba. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin duba dalilan haka, ta kuma kawo hanyoyin gyara ta fuskar iri, abinci, makwanci, lafiya da kasuwa.

2.0 Ire-iren Awakin Nijeriya

Masana sun kasa awakin ƙasar nan gida uku manya. Na farko ita ce jar akuyar Sakkwato, wadda a Jamhuriyar Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Tana da matsakaicin jiki, tana yawan haifar tagwaye, kuma fatarta ta yi suna tun zamanin fatauci ta hamada, lokacin da ake kai ta Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai da sunan fatar Maroko. Na biyu ita ce doguwar akuyar Sahel da ake samu a Borno da Yobe da sauran yankunan da ke dab da hamada. Tana da dogayen ƙafafu, tana jure ƙishi da doguwar tafiya. Ta uku ita ce gajeruwar akuyar kudu, wadda ke rayuwa a ƙasar Yarabawa da ta Ibo da wasu sassan tsakiyar Nijeriya. Babbar baiwarta ita ce jure cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa.

Darasin da ke cikin wannan rabe-rabe shi ne, kowace akuya da ƙasarta. Wanda ya ɗauko doguwar akuyar Sahel ya ce zai yi kiwonta a wuri mai yawan ruwa da danshi kamar Ibadan ko Fatakwal, to ya sayi wahala da kuɗinsa, domin tsutsar ciki da ciwon huhu ba za su bar ta ta sake ba.

3.0 Zaɓen Iri Da Barbara

Akuya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 150, wato wata biyar. Idan ba ta ɗauki ciki ba, takan sake neman bunsuru bayan kimanin kwana 21. Saboda haka akuyar da ta samu kulawa za ta iya haihuwa sau uku cikin shekara biyu.

Kuskuren da ya fi yawa a ƙauyuka shi ne sayar da manyan bunsuraye masu kyau saboda sun fi kuɗi, a bar ƙanana da ragwaye suna barbara. A hankali sai irin ya riƙa ƙanƙancewa. Haka kuma barin bunsuru ɗaya shekara da shekaru yana bin 'ya'yansa da jikokinsa kan jawo haihuwar raunana. Abin da ya dace shi ne a ware bunsuru mai ƙirar jiki, wanda uwarsa ta saba haifar tagwaye kuma take da nono, a riƙa musanya shi da na wata unguwa ko wani ƙauye bayan shekara ɗaya zuwa biyu. Bunsuru guda ya ishi awaki 25 zuwa 30, don haka gidaje da dama suna iya haɗuwa a kan guda. Sauran mazan a dandaƙe su tun suna ƙanana su zama taure, su yi ƙiba, warin jikinsu ya ragu. Ita kuma 'yar akuya kada a bari a barbare ta tun ba ta yi ƙwari ba. A jira ta kai wata takwas zuwa goma.

4.0 Abinci Da Ruwa

Akuya ta fi son ganyen itatuwa da saƙe-saƙi a kan ciyawar ƙasa, kuma ba ta son abincin da aka tattaka. Shi ya sa ya fi kyau a rataye mata harawa ko a zuba a kwami mai ɗan tudu. Da damina akan ɗaure awaki don kada su yi ɓarna a gonaki, da rani kuma a sake su su nema wa kansu. A duka lokutan biyu akwai yunwa: ta ɗaure tana jiran abin da aka yanko mata, ta sake kuma tana yawo a fili ƙayau, har ta kai ga cin leda. Ledar nan ba ta narkewa, taruwa take yi a tumbi, dabba ta yi ta ramewa alhali cikinta a kumbure.

Maganin wannan shi ne tanadi tun da kaka. A tattara harawar wake da ta gyaɗa tun ganyensu bai kaɗe ba, a shanya a inuwa, a ɗora bisa rumfa inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. A adana kowar wake da dusa da 'ya'yan gawo, waɗanda ke zuba da rani daidai lokacin da ake bukatarsu. A kudu, inda rogo ya wadata, ɓawonsa abinci ne mai kyau, amma sai an shanya shi ya bushe sarai, domin ɗanyensa yana da guba. Dasa zogale ko wasu itatuwa masu ganye a matsayin shinge yana ba da ɗanyen abinci har cikin rani. A ajiye musu ɗan gishiri ko kanwa, da ruwa mai tsabta kullum. Akuya mai tsohon ciki da mai shayarwa su ne suka fi cancantar ƙarin dusa, domin a makonni shida na ƙarshen ciki ne ɗan ya fi girma.

5.0 Makwanci

Akuya ba ta shiri da ruwan sama da danshi. Ba sai an kashe kuɗi mai yawa ba. Rumfa mai rufin da ba ya yoyo, mai shan iska, wadda aka kare ta daga sanyin hunturu, ta wadatar. A wuraren da ruwa ya yi yawa, akan ɗaga daɓen da katako ko gora a bar 'yan tsaga-tsaga, kashi da fitsari su riƙa zuba ƙasa. Wannan yana rage ruɓewar kofato da tsutsar ciki. A riƙa share wurin a kai a kai, a tara kashin a gefe, domin takin awaki dukiya ne ga manomi, balle yanzu da takin zamani ya yi tsada.

6.0 Kiwon Lafiya

Babbar abokiyar gabar mai kiwon awaki ita ce annobar nan mai zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo, wadda likitocin dabbobi ke kira PPR. Dangin bushiya ce ta shanu, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya a 2011. An fara gano PPR a ƙasar Kwaddibuwa a 1942, kuma idan ta shiga garken da ba a yi wa rigakafi ba tana iya kashe mafi yawansa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani, amma tana da allurar rigakafi mai inganci, wadda aka samo asalinta daga ƙwayar cutar da aka ware a Nijeriya a 1975. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana sarrafa wannan allura. Allura ɗaya tana kare dabba na aƙalla shekara uku. A 2015 ƙasashen duniya suka amince a Abijan da shirin kawar da cutar baki ɗaya zuwa 2030.

Akwai abin lura a nan. Kwalbar allurar ta dabbobi da yawa ce, sai an ajiye ta cikin sanyi, kuma da zarar an haɗa ta dole a yi amfani da ita cikin 'yan sa'o'i. Mai akuya huɗu ba zai iya kiran malamin dabbobi don kansa kaɗai ba, amma idan unguwa ta tsayar da rana guda kowa ya kawo nasa, kuɗin zai zo da sauƙi.

Ta biyu ita ce tsutsar ciki, musamman mai shan jini, wadda ta fi yawa da damina. Hanya mai sauƙi ta gane ta ita ce a ɗan ja fatar idon akuya ta ƙasa. Idan cikin ya yi ja, da jini a jikinta. Idan ya yi fari fat, ko ƙasan haɓarta ya kumbura, tana bukatar magani da gaggawa. A ba da maganin daidai nauyin dabba bisa shawarar malamin dabbobi, domin ba da shi barkatai ko rage awonsa yana sa tsutsar ta saba da shi. Sai kuma kaska da ƙazuwa, waɗanda ke shan jini suna kuma ɓata fata.

Duk akuyar da aka sayo daga kasuwa a ware ta na mako uku kafin a haɗa ta da na gida. Ɗan akuya kuma a tabbata ya sha dakashi a sa'o'in farko na haihuwarsa, a tsabtace cibiyarsa, a kare shi daga sanyi. Idan za a sha nonon akuya a tafasa shi tukuna, saboda cutar bakkale da ke kama mutane.

Bari mu ɗauki misali. A ce mace tana da awaki huɗu, kowace ta haihu sau uku cikin shekara biyu. Haihuwa 12 ke nan. Idan rabi tagwaye ne, za ta samu 'ya'ya 18. In sakaci ya kashe ɗaya cikin uku, saura 12. In kuwa rigakafi da kulawa suka sa biyu kawai ta rasa, tana da 16. Awaki huɗu na ƙari ta samu ba tare da ta sayi uwa ko ɗaya ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce rigakafi ya fi magani.

7.0 Kasuwanci

Akuyar da ta bar ƙauye tana bi ta hannaye da yawa kafin ta isa tukunya. 'Yan baranda kan saye ta a gida ko a ƙaramar kasuwa, su kai manyan kasuwanni irin su Maigatari, Wudil, Mai'aduwa, Illela ko Potiskum. Daga nan fatake su loda a manyan motoci zuwa Akinyele a Ibadan, Oko-Oba a Agege ta Legas, ko Lokpanta a Jihar Abiya. A kowane zango akwai dillali da la'adarsa, ga kuɗin mota, ga haraji da shingayen hanya, ga asarar waɗanda suka mutu saboda cunkoso. Duk wannan daga farashin mai kiwo ake zabtarewa.

Dillali yana da amfaninsa, domin shi ke tsaya wa baƙo, shi ke shaida cewa dabbar ba ta sata ba ce. Matsalar ita ce mai kiwo yakan zo kasuwa a matse, bai san farashin wani wuri ba. Matar da ke cikin kulle kuwa aike take yi, abin da aka kawo mata shi za ta karɓa. Ga wasu hanyoyin gyara:

Na ɗaya, sanin lokaci. Da bazara da farkon damina kowa na fitar da dabba don sayen taki da abinci, ga su a rame, sai farashi ya faɗi. Yakan tashi gab da Babbar Salla, da lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da kudu ke neman akuya don farfesu da bukukuwa. Mai dabara zai ware taurensa ya yi masa kiwon turke na wata biyu zuwa uku kafin waɗannan lokuta. Mai nufin kasuwar layya ya tuna cewa a mazhabar Malikiyya sai akuya ta cika shekara ta shiga ta biyu, kuma ba ta da aibi irin gurgunta ko makanta.

Na biyu, haɗa kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata ashirin da suka haɗa awakinsu suka sayar a tare sun fi ƙarfin ciniki a kan mace guda. Adashin ƙungiya kuma yana ba mamba abin biyan bukatar gaggawa, ba sai ta karyar da akuyarta ba. Ƙungiya tana iya raya al'adar ba da kiwo, inda ake ba wadda ba ta da shi uwa ta riƙe, a raba 'ya'ya.

Na uku, sanin farashi da nauyi. Wayar hannu ta sauƙaƙa tambayar yadda kasuwa ta ci kafin a fita da dabba. Ƙaramin sikeli na rataye, mallakar ƙungiya, zai rage cinikin ido.

Na huɗu, kula da fata. Majemun Kano na Sharaɗa da Challawa suna neman fatar da ba ta da tabo. Ƙazuwa, lalas da wuta da yankan wuƙa wajen fiɗa duk suna karya darajarta.

Na biyar, ajiye lissafi. Ɗan littafi da za a riƙa rubuta ranar haihuwa, allura, kuɗin abinci da na sayarwa shi zai nuna wace akuya ke kawo riba, wace ce ke cin dusa a banza.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa gyaran kiwon awaki ya fi bukatar sani da haɗin kai a kan babban jari. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana bincike a kan awaki, kuma a 2024 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don bunƙasa kiwo. Amma yawancin sakamakon binciken yana rubuce cikin Ingilishi, ita kuwa mai akuyar Hausa take ji. A nan ne aikin ɗaliban Hausa ya taso. Mu ne ya kamata mu fassara waɗannan bayanai cikin harshe mai sauƙi, mu shirya su don rediyo da saƙon murya na waya, mu kuma tattara kalmomin kiwo da sunayen cututtuka daga bakin tsofaffi da dillalai da mahauta. Wanda zai je gida hutu, ya fara da awakin gidansu: ya tambaya yaushe aka yi musu allura, ya duba idanunsu, ya ga inda suke kwana. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke kiwo, amin.