Yadda Ake Shimfiɗa Ƙyallen Gilashi a Jikin Jirgin Sama Ƙirar Gida

Masu ƙera ƙananan jiragen sama a garejin gidajensu, musamman a Amurka, sun karkata ga zaren gilashi tun bayan da injiniya Burt Rutan ya fito da jirginsa VariEze a 1975 a Mojave ta jihar Kalifoniya, ya biyo da Long-EZ a 1979. Dabararsa ba ta buƙatar mazubi. Soso mai tauri ake sassaƙawa ya ba da siffar fiffike, sannan a lulluɓe shi da ƙyallen gilashi da aka jiƙa da gam ɗin ifoksi. Ƙarfin yana cikin zaren ne da inda ya fuskanta; gam riƙe shi kawai yake yi.

Saboda haka zaɓen ƙyalle ke zuwa farko. Iri biyu tsarin Rutan ya fi dogara da su. Akwai UNI, mai lamba 7715, wanda kusan duk zarensa ya miƙe ta fuska ɗaya, da 'yan siraran zare a kwance don kada ya warware. Shi ake sawa inda nauyi ke ja ta hanya guda, kamar tsawon fiffike. Sai BID, mai lamba 7725, wanda zaren tsaye da na kwance suka yi daidai, kuma saƙarsa sako-sako ce, tana bin lanƙwasa ba tare da ta tattare ba. Galibi a karkace ake yanka shi, bisa kusurwar digiri 45, don ya jure murɗawa ya kuma kwanta a lungu. Takardar tsarin jirgi ita ke faɗin falle nawa za a sa da inda kowanne zai kalla, kuma ba wurin nuna gwaninta ba ne: ƙarin falle ƙarin nauyi ne, ragi kuwa ganganci.

Soson fiffike, na folistirin, da waya mai zafi ake yanka shi, mutum biyu na jan ta a kan allunan siffa. Ba a yi wa soson yuritan haka, domin hayaƙinsa guba ne. Gam ɗin foliyesta na masu kwalekwale ma ba ya shiga nan, narkar da folistirin yake yi.

Kafin a taɓa gam, ana yanka duk fallayen a jera su, ɗakin kuma ya kasance tsakanin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. Ana auna ifoksi da mahaɗinsa a sikeli daidai yadda kamfani ya ƙayyade, a gauraya sosai har gefen kofi da gindinsa. Kaɗan-kaɗan ake haɗawa, domin idan ya yi yawa a kofi yakan ɗau zafi da kansa ya daskare nan take. Safar hannu dole ce. Wanda jikinsa ya fara ƙin ifoksi da wuya ya rabu da ƙaiƙayin.

Ana fara shafe soson da kwaɓin gam da garin ƙananan ƙwallayen gilashi, mai kaurin kunu, don ya toshe ramukansa. Sai a ɗora falle na farko, a ja bakinsa a hankali har zaren ya miƙe sak, domin zaren da ya yi kwana-kwana ba ya ɗaukar kaya yadda ya kamata. A zuba gam, a baza da ɗan fallen roba. Ƙyallen da ya sha gam yakan tashi daga fari ya koma garai-garai har a ga soson ta cikinsa. Duk inda fari ya rage, ko dai bushewa ce ko iska ta maƙale, sai a daddanna da bakin buroshi a tsaye, ba a shafa ba. Sabon hannu yakan so ya ga wurin yana sheƙi, alhali sheƙi shaidar gam ya yi yawa ne. Ana jan robar a kai, idan gam ya taru a gabanta a kwashe, har nauyin gam da na ƙyalle su kusa zuwa ɗaya. Haka ake bin kowane falle tun na ƙasa bai bushe ba. Inda BID biyu suka haɗu, ɗaya na hawa ɗaya da kimanin inci guda.

Wurin da za a liƙa wani abu daga baya ana rufe shi da yadin Dacron, wanda ake ɓarewa bayan bushewa ya bar fuska mai kaushi. In ba a sa shi ba, sai an goge da samfefa har sheƙin ya mutu. Bayan 'yan sa'o'i, lokacin da gam ya yi danƙo bai ƙanƙare ba, ake datse rarar baki da reza. Aka bari ya kwana, sai zarto.

Bayan kamar kwana guda ake dubawa da fitila, a ƙwanƙwasa da tsabar kuɗi: amo mai kaifi alamar kamawa ce, amon holoƙo kuwa falle ya rabu da soso, sai an gyara. Daga nan a cike ramukan saƙar, a goge, a yi fenti. Fari ake shafawa, domin launi mai duhu na tara zafin rana ya sassauta ifoksin da ya bushe a zafin ɗaki.