Zuma a Cikin Rami: Yadda Ake Ɗana wa Koyoti Tarko a Amurka

A ƙasashen Amurka da Kanada da Meziko akwai wani naman daji da ake kira koyoti. Dangin kare ne. Wanda ya san dila, in aka nuna masa hoton koyoti zai rantse dila ne, sai dai wannan ya ɗan fi girma. Bakinsa da tsini, kunnuwansa a tsaye, wutsiyarsa buzu-buzu. Babba yakan kai kilo 10 zuwa 20. Wajen wayo kuwa, in dila ne malamin daji a wurinmu, to a can koyoti ne ke riƙe da allon.

Makiyaya ba sa ga maciji da shi. Yana kama 'yan raguna da 'yan awaki da kaji, wani lokaci har ɗan maraƙi sabon haihuwa. Amma ba dabbobin gida ne yawancin abincinsa ba. Ya fi cin zomo da ɓera da fara da mushe. Abin da zai ba ka mamaki shi ne son zaƙinsa. Yana cin inabi da tuffa da 'ya'yan itatuwan daji. A jihohin kudu irin su Teksas da Jojiya, masu noman kankana suna kuka da shi, don yakan shiga gona da dare ya fasa nunannu ya bar ɗanyu. Masu tarko sun lura da wannan hali, suka ce to ga ƙofa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Da yawansu a gida suke haɗa abincin tarkon, kuma kowa da irin nasa haɗin, wasu ma ɓoye shi suke yi. Amma tushen haɗin zaƙin duk ɗaya ne: abu mai zaƙi, da abu mai maiƙo, da abu mai ƙamshin da iska za ta kai nesa. Ga misalin mai sauƙi. A sami markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi ɗaya, a zuba zuma rabin kofi. In babu zuma, sai a sa baƙin maɗin rake da ke saura bayan an cire sukari. A narka kitse kaɗan a zuba, a dama nunannen ɗan itace, tuffa ko wani, a haɗa. A gauraya da cokalin katako har ya yi kauri, yadda ba zai zuba ba in an karkata kwalba. A rufe, a ajiye a inuwa 'yan kwanaki don ƙamshin ya haɗu. Kada a ɗaure murfin tamau, domin ɗan itace yakan yi tsami ya kumbura kwalbar.

Wasu sukan ƙara wani abu mai ƙamshi da ake cirowa daga jikin biba, wata dabbar ruwa mai datse rafi da itatuwa. Koyoti na son wannan ƙamshi ƙwarai. Masu aiki a wurare masu tsananin sanyi kuma sukan zuba gilisarin, don kada haɗin ya daskare ƙamshin ya mutu.

Zaƙi yana da lokacinsa. Ya fi aiki a ƙarshen lokacin zafi da farkon kaka, sa'ad da 'ya'yan itace suka nuna, bakin koyoti ya saba da su. In sanyi ya kankama, jikinsa nama yake nema, sai a koma ga nama ko kifin da ya ɗan fara wari.

Haɗin nan kowa zai iya yi. Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne wajen ɗanawa, domin koyoti da hanci yake karanta ƙasa. In ya ji warin mutum, ko na fetur, ko na taba, ko na tsatsa, sai ya kewaye ya wuce. Saboda haka ake dafa tarkon ƙarfe a tukunya da ɓawon itace har ya yi baƙi, sannan a tsoma shi a narkakken kaki. Ba a taɓa shi sai da safar hannu. Safar da aka taɓa abincin da ita kuma daban take da ta taɓa tarkon. Dalili a fili yake: in ƙamshin zuma ya hau ƙarfen, koyoti zai tone tarkon ya bar shi a sarari, mai shi ya zo da safe ya tarar an yi masa dariya.

Sai a nemi hanyarsa. Ana gane ta da sawu da kashi, galibi a mahaɗar hanyoyin gona ko inda shinge ya ɓule. A jikin wani tushen ciyawa ko dutse, a haƙa ɗan rami a karkace, zurfinsa kamar taki ɗaya, faɗinsa kamar ramin ɓera. A lakato haɗin, bai wuce cokali guda ba, a shafa a kan gashin tunkiya, a tura can ƙasan ramin. Tarkon kuma a binne shi kamar taki ɗaya gaban bakin ramin, a kafa shi da turke, a danne shi sosai kada ya yi motsi, a tankaɗa busasshiyar ƙasa a kai. A lura da inda iska ke kaɗawa, don ta ɗauki ƙamshin ta gitta hanyarsa. Shi koyoti zai zaci wata dabba ce ta ɓoye abincinta. Garin leƙen ramin sai ya taka.

Zaƙi fa ba ya zaɓen baƙo. Kiyashi yakan rufe ramin in da zafi. Wasu ƙananan namun daji kamar rakun sukan riga koyoti zuwa, haka beyar a inda ake da shi, haka karen maƙwabci. Wannan ya sa doka ta shiga maganar. A yawancin jihohi sai da lasisi ake ɗana tarko, kuma sai da izinin mai gona. Jihohi da dama sun wajabta a duba tarko kowace rana, don kada dabba ta daɗe tana wahala, kuma a saki wadda ba ita ake nema ba. Da yawa sun hana barin nama a fili kusa da tarko, saboda mikiya da shaho. Mutanen Kalifoniya ma ƙuri'a suka jefa a 1998 suka hana tarkon ƙarfe mai kama ƙafa. Guba kuwa ba ta shiga wannan haɗi ko kaɗan. An daɗe ana zuba ta a daji, tana kashe wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba, har Shugaba Nixon ya hana amfani da ita a filayen gwamnati a 1972.

To, tarko ya ƙarar da koyoti? Ko kusa. Tun 1931 aka yi dokar da ta ba gwamnatin Amurka ikon yaƙar namun dajin da ke ɓarna, kuma har yanzu ma'aikatanta suna kashe dubban koyoti kowace shekara. Duk da haka sai yaɗuwa yake yi. Da can a filayen yamma da na tsakiya aka san shi. Yau babu jihar da ba ya ciki sai Hawai, har cikin manyan birane kamar Shikago da Los Anjalas. Macen takan ɗauki ciki wata biyu ta haifi 'ya'ya biyar ko shida. In an rage su a wani yanki, abinci ya wadata, 'ya'yan da ke rayuwa su ƙaru, baƙi kuma su shigo su cike gurbi.

Shi ya sa makiyaya masu lura suke ajiye tarko don ɓarawo guda da ya saba da garke. Sauran aikin na tsaro ne. Suna kwanar da tumaki a shinge mai kyau, musamman lokacin haihuwa. Suna binne mushe, kada ya kira baƙi. Suna haɗa garke da manyan karnukan gadi da suka tashi cikin tumaki tun suna ƙanana. Wasu jaki suke sawa, don jaki ba ya shiri da dangin kare, da cizo da harbi yake korarsu.

Kai mai karatu, in dila ya dami kajinka ko 'yan awakinka, fara duba shingenka da inda kake yar da mushe. Kada ka zuba guba a daji ko a bayan gida, domin kare da ungulu, har da yaro, ba su san an zuba ba.