Yadda ake tsara jirgin tara ɗanyen mai a teku da sauƙin kuɗi

Mazauna unguwar Mahjar a Jidda sun saba ganin manyan jiragen ruwa na shiga tasha suna fita. Akwai wani irin jirgi da ba ya zuwa ko'ina: a kafe yake a tsakiyar teku shekara 20 ko fiye, yana karɓar ɗanyen mai daga rijiyoyin ƙasan ruwa, yana raba shi da ruwa da iskar gas, yana ajiyewa har tanka ta zo ɗiba. Saudiyya ba ta cika buƙatarsa ba, don ruwan filin mai na Safaniya ba shi da zurfi, dandamali mai ƙafafu ya wadatar. A Najeriya kuwa, filayen mai na Bonga da Egina suna cikin ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000.

Da farko injiniyoyi sukan auna rijiya: ganga nawa a rana, kuma shekara nawa. Sai a zaɓi gangar jiki. Ko a sayi tsohuwar tanka a gyara, wanda ya fi arha da sauri, ko a ƙera sabuwa. Kamfanin SBM Offshore ya ɓullo da dabarar ƙera gangar jiki iri ɗaya tun kafin a sami mai saya, kamar tela ya ɗinka riguna ya rataye.

Sai ɗauri, inda kuɗi ke zurarewa. A teku mai hauka, dole a sa turke mai juyi, jirgin ya riƙa kewayawa yana fuskantar iska, kuma tsadarsa ba ta wasa ba ce. Gabar Najeriya na da lafiya, igiyar ruwa mafi yawa daga kudu maso yamma take zuwa, don haka sarƙoƙi da anga ta kusurwa huɗu sun isa.

Injinan saman jirgi ana haɗa su gida-gida a tudu, a gwada, sannan a ɗora. Jirgin Egina, mai tsawon mita 330, Samsung ne ya ƙera gangar jikinsa a Koriya ta Kudu, aka ƙarasa haɗi a Legas, ya fara aiki a Disambar 2018.

Matakin da ake rainawa shi ne tanadin gyara, kuma a ganina nan arha ke cin mai ita. Jirgin ajiya na Safer, tankar 1976 da aka gyara aka ɗaure kusa da Ras Isa a Yaman, ya rasa kulawa tun 2015 saboda yaƙi. Tsatsa ta ci shi da ganga sama da miliyan 1 na ɗanyen mai a ciki, a Bahar Maliya da Jidda ke tace ruwan sha daga gare ta. Sai a Agustan 2023 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kwashe man zuwa wani jirgi.