Manhajar Digirin Farko na Lauya a Arewacin Nijeriya da Gurbin Harshen Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi abin da ɗalibin shari'a yake koya a jami'o'i irin su Ahmadu Bello, Zariya, da Bayero, Kano, domin gano matsayin Hausa a cikinsa.

2.0 Ƙunshiyar Manhaja

Karatun kan ɗauki shekara 5. Bayan share fage da dabarun nazarin doka, ɗalibi kan karanci Tsarin Mulkin 1999, da dokar yarjejeniya, da dokar filaye ta 1978, da dokar shaida ta 2011, da kundin Final Kod. Wanda ya haɗa da shari'ar Musulunci kan ƙara da usulul fiƙhu, da mu'amala, da hukunce-hukuncen aure da rabon gado. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda.

3.0 Giɓin Harshe

Da Ingilishi ake koyar da waɗannan darussa, sai Larabci a fannin fiƙhu, alhali masu ƙara da shaidu da dama da Hausa suke magana a kotu. Sashe na 36 na Tsarin Mulki ya ba wanda ake tuhuma haƙƙin samun tafinta kyauta, amma tafinta ma kan yi tuntuɓe. Misali, Bahaushe ya bambanta aro, inda ake mayar da ainihin abu, da rance, inda ake biyan kwatankwacinsa. Idan fassara ta cakuɗa su, kuma lauya bai ankara ba, hukunci na iya karkacewa.

4.0 Kammalawa

Ya kamata sassan Hausa su haɗa hannu da tsangayoyin shari'a wajen daidaita keɓaɓɓun kalmomi da koyar da fassarar shari'a.