Shirya Ɗakin Kwanan Ɗalibai a Jami'a

Ɗakin kwanan ɗalibai a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Samarun Zariya wuri ne na tarayya, inda mutum huɗu ko fiye kan raba ɗaki ɗaya. Rabon kowa bai wuce gado da ɗan lungu ba, don haka kayan da za a kawo su zama kaɗan masu amfani.

Shimfiɗa ce farkon abin lura. Kafin a ɗora katifa, a duba gaɓoɓin gadon da tsagogin bango, domin nan kuɗin cizo ke ɓuya. A wanke ƙarfen gadon da ruwan zafi, katifar kuma a riƙa shanya ta a rana. Gidan sauro wajibi ne, musamman da damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke yawaita. Sanyin hunturun Zariya a Disamba da Janairu kuwa sai da bargo mai kauri.

Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, wanda zai shige ƙarƙashin gado, ya fi jaka tsare takardu da garin kwaki daga ɓera. Bokiti biyu da fitila mai caji suna rage wahalar ɗauke ruwa da wuta. Kada a cunkusa hita da dutsen guga a soket guda, domin waya na iya zafi ta kama da wuta.

Ado kuwa ya isa da labule, ledar ƙasa da jadawalin darussa a jikin bango. Kafin a rataya komai, a nemi yardar abokan zama.